Auduga

Ranar da Baturiyar likita ta ɗaure kayanta
ta bar mini firij wanda ya daina sanyi,
da kujeru biyu, da albashin wata uku,
da wani abu mai numfashi a ƙarƙashin tebur.
Ta ce jirgi ba zai ɗauke shi ba.
Shekara tara ina gadin ƙofarta,
ban taɓa bari ya shinshini wandona ba.

A kwali na ɗauko shi, bayan kabu-kabu,
har lungunmu na Garin Malam.
Yara suka biyo mu: ga ɗan rago! ga ɗan rago!
Gashi fari, murɗe-murɗe, ido kamar ƙwallon dabino.
Sai da ya yi haushi layin ya watse.

Furera ta tare zaure da ludayi a hannu:
"Ruwan da muke saye jarka-jarka,
shi za ka wanke kare da shi, Barma?
A Damagaram?
A watan da famfo ke tari ba ya tofarwa?"
Na rasa ta cewa.
Na ɗaure shi gindin dogon-yaro.

Malam Kiyari ya tsayar da ni bayan la'asar.
Ya ce, "Na farauta mun sani, na kiwo mun sani,
na gadi ma an yi masa uzuri.
Wannan naka, da ko ɓera ya gani yake ba shi hanya,
a wane babi zan sa shi?"

Ina da ɗa, Mutari.
Sha ɗaya yake, da tabon murhu a kafaɗa.
Farfaɗiya ba ta sallama in za ta shigo.
An ce ya huta da lakwal,
an ware masa moɗa a gidan kawunsa,
in ya faɗi a hanya, sai a yi da'ira daga nesa
wai kada kumfar bakinsa ta taɓa mutum.
Yawu biyu ake gudu a gidana.
Wataƙila shi ya sa suka gane juna.
Yaron ne ya raɗa masa Auduga.

Wata Laraba, ana dama kunu,
ya tsinke igiya, ya kama gefen rigar Mutari,
yana ja, yana wani kuka siriri kamar ƙofar kwano.
Na ɗaga takalmi na zabga masa.
Kafin in mai da takalmin ƙafata
yaro ya kife.

Na ce dace ne.
Na biyu ma na ce dace ne.
Na uku, Furera ta janye tukunya daga wuta
ba tare da ta dubi kowa ba,
ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Zo ka kwanta, ɗana."
Ya kwanta da ƙafarsa. Abin ya zo, ya same shi a ƙasa.
Rana ta farko ke nan da ba mu wanke jini ba.

Babu wanda ya koya masa.
Na tambayi ma'aikacin asibiti, ya ɗaga kafaɗa,
ya ce a ci gaba da shan ƙwayar dai.
Muna sha. Ba kullum karen ke ji ba,
ran nan barci ya kwashe shi, muka sha wuya.

Da bazara, in duwatsun Birni suka fara huci,
nakan zauna da almakashin ɗinki
in sauke masa wannan bargo da Allah Ya ɗora masa.
Yakan fito kamar kazar da aka fige,
Mutari ya yi dariya har ya riƙe ciki.
Kwanonsa daban ne. Ɗakin salla ba ya shiga.
Hannuna ina wankewa.

Malam Kiyari ya ga abin da idonsa ranar Juma'a.
Ya daɗe yana jan carbi,
sannan ya ce, "To, ai gadi yake yi."
Ashe abokin sana'a na daka da takalmi.

Yanzu in ɗan ga-ruwa ya juye jarka ta ƙarshe,
akwai rabin ƙwarya da ke ɓacewa bayan randa.
Na tambayi Furera.
Ta ce na kaji ne.
Kajinmu kuwa tun bara muka sayar.